Marufin Ido Na Sha Shida

Duk wanda ya saba shiga shagona ya san wani ɗan baƙin ƙyalle mai roba da ke rataye a ƙusa, daidai saman keken ɗinkina. An sha tambayata ko laya ce ta kiran kasuwa. Wata mata ma cewa ta yi ko hular jariri na fara yadi ya ƙare mini. Ba laya ba ce, ba hula ba ce, marufin ido ne, kuma yana da mai shi, shi ne dai har yau bai zo ya karɓa ba. Ni Rabilu shekarata goma sha tara ina ɗinki, an zage ni a kan saɓa alkawari har zagin ya daina shiga jikina, amma ban taɓa gama aiki kafin ranarsa ba sai wannan, shi kuma ga shi nan ya yi kwantai. To ku matso ku ji yadda allura ta tono garma.

Malam Tasi'u abokina ne tun muna firamare, gidansa kuwa yana kallon shagona. Malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa, irin mutanen nan ne da in ka tambaye su hanyar kasuwa sai sun nemi takarda da biro. Yana da ɗa guda, Haisam, yaro mai shegen surutu, wanda in ya taso daga makaranta sai ya fara biyowa ta wurina ya kwashi guntayen yadi, ya gaya mini wuyan rigar wa ya karkace, sannan ya shiga gida.

Wajen wata huɗu kafin abin da zan ba ku labari, malamarsu ta lura in zai kalli allo sai ya karkata kai. Aka kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce idon hagu ba ciwo gare shi ba, lalaci ne ya kama shi: na dama ya ɗauke masa aiki, shi kuma ya miƙe ƙafa. Maganin shi ne a riƙa rufe na daman awa huɗu kullum, don dole na hagun ya tashi ya nemi na kansa. Ya kuma ja wa Tasi'u kunne cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka yi sake yaro ya girma a haka, idon zai zauna da rauninsa ke nan.

Ranar farko da Haisam ya je makaranta da filasta a ido, kafin a fita tara sunansa ya koma Ido Ɗaya. Yara kuwa ba su da tausayi in sun samu abin waƙa, har kiɗa suka yi masa da murfin kwano. Ya dawo gida da filastar a aljihu, ya ce ko za a yanka shi ba zai sake sawa ba. An yi lallashi, an yi alawa, an zare ido, an yi alkawarin keke. Da an manna masa, kafin uwarsa Rumasa'u ta juya ya ɓare ya liƙa a ƙarƙashin kujera. Wata uku ana wannan dambe. Da aka koma asibiti likita ya ce bai ga wani ci gaba ba, kuma ya faɗa ne ba da fuskar wasa ba. Ranar Tasi'u ya zo ya zauna a bencin shagona tun la'asar har aka kira magariba. Na tausaya masa ƙwarai, don ni ma yaron ya daina biyo mini, shagon ya yi mini shiru.

Mafita ta zo ne ta inda ba a zata ba. Wata rana Haisam yana kallon katun a wayar uwarsa, sai ya ga wani ƙato a kan jirgin ruwa, da ƙatuwar hula da baƙin abu a ido ɗaya, kowa yana sara masa. Ya ruga wurin ubansa.

"Abba, shi ma wannan likita ne ya rufe masa ido?"

Tasi'u ya leƙa wayar ya ce, "Da alama."

"To me ya sa shi ba a yi masa waƙa?"

"Wa zai yi wa kyaftin waƙa? Ai sai a jefa mutum a ruwa."

Yaro ya ƙura wa ƙaton ido. A lokacin saura kwana goma ya cika shekara shida. Washegari da safe, ban ma gama share shago ba, sai ga Tasi'u da yadi baƙi wuluk a hammata, baki har kunne kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Rabilu, bazde za mu yi wa Haisam. Yara sha biyar har da shi, duk masu yi masa waƙar nan za a gayyato su. Kowa sai ya rufe ido ɗaya kafin ya shiga. In kowa ya zama Ido Ɗaya, ka ga waƙa ta mutu. Shi kuma shi ne kyaftin."

Na ce, "Dabara ta yi. Amma su mutanen katun ɗin, wace sana'a suke yi?"

"'Yan fashin teku ne."

Na jingine tsintsiya. "Tasi'u, a cikin sunan nan teku ce kaɗai ba mu da ita a garin nan. Ragowar kuwa ko yaron goye ya san su. Ba za ka ce musu masunta ba?"

"Masunta ba sa rufe ido," in ji shi. "Kai dai ɗinka."

Ni kuwa na ɗinka. Na farkon a kaina na gwada, robar ta yi wa yaro yawa, na jefa shi gefe na yanka sha biyar daidai kan yara. Aka ce kuma in yi baƙar tuta mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ta farko da na yi, Tasi'u ya duba ya ce wannan ai tallar mai farfesun kai ce, sai da na sake. Ila kafinta ya sassaƙa takubba sha biyar na katako, shi kuma da neman suna ya shafa musu fenti ruwan azurfa har suna ɗaukar ido. Rumasa'u ta samo kwalin firji ta mayar da shi jirgi, ta ajiye shuɗin tamfol da za a shimfiɗa a tsakar gida, shi ne tekun. Aka cika wani tsohon akwatin ƙarfe da cakulan irin mai kama da kwabban zinare, wai za a binne yara su bi taswira su tono.

Taswirar nan ita ce abin da na fi gargaɗinsa a kai. Da wani uban ne, sai ya ja layi biyu ya zana bishiya ya huta. Ban da Tasi'u. Kwana uku ya yi yana zana layinmu gida gida, da kibiya mai nuna arewa, da rijiya, da kwata, da sunan kowane mai gida. Sannan ya ɗauki jan biro ya dangwala alama a kan tarin yashin da ke bayan katangar Alhaji Mamuda, wai nan ne kaɗai ƙasa ke da laushin da yara za su iya tonawa.

Mutum biyu ne matsalarmu. Ta farko Hajiya Yalwa, mahaifiyar Tasi'u, wadda ke zaune tare da su. Haisam mijinta ne na wasan jika da kaka, kullum cikin rigimar cefane suke. Shi kuwa Tasi'u da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce yaron nan. Ita bazde ɗin ma bai kwanta mata ba, cewa take yi mutum ya ƙara taku ɗaya zuwa kabari sai a hau hura balan-balan. Ranar da ta ji kalmar fashi kuwa, har shagona na jiyo salatinta.

"Mijin nawa za ku mayar ɗan fashi? Kai yaron nan, duk sana'o'in duniya, ga likita ga alƙali, ba ka ga wadda za ka yi masa fata ba sai wannan? Fata nagari lamiri ne fa!"

Daga ranar Tasi'u ya kwashe kayan bikin gaba ɗaya ya kawo shagona, aka ci gaba da shiri a ɓoye.

Na biyu shi ne Alhaji Mamuda ɗin da na ambata. Tun da ya yi ritaya ya sayi farar kujerar roba ya dasa a ƙofar gidansa, daga hantsi har faɗuwar rana. Ba ya karatun jarida, ba ya jin rediyo, mu ne jaridarsa. Ya san gidan da aka sayi sabon buhun shinkafa da gidan da aka koma awo. Ya san matar da ta je awon ciki tun kafin surukarta ta sani. Ni kaina ya taɓa tare ni ya ce ya lura kwana biyu tsire nake shiga da shi gida, ko wani abu ya samu. Da aka fara maganar tsaro a gari sai ya naɗa kansa Shugaban Kwamitin Sa Ido na layinmu, har ya buga kati. Kwamitin mutum uku ne: shi, da kujerarsa, da wayarsa. Ba na ƙin mutumin, Allah ya sani, amma in na hango shi sai in ji kamar ban ɗaura tazugena da kyau ba.

Shi ya fara ganin baƙin yadi ya shiga shagona. Shi ya ga Ila ya tsallako titi da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Ya taso takanas ya leƙo.

"Rabilu, baƙin yadi haka da yawa? Kuma na ga ƙanana ƙanana kake yankawa."

Na ce, "Aikin yara ne, Alhaji."

"Uhm," in ji shi. "Ruwa dai ba ya tsami banza." Ya koma kujerarsa, amma sai ya juya ta ta kalli ƙofata sosai.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, aka turo mini Haisam gwaji. Nasa marufin na yi masa ado da zare ruwan gwal a gefe, tunda kyaftin ne. Ya tsaya yana kallonsa a tafin hannuna kamar zai cije shi. Na ce masa ba dole, in ba ya so sai in ba wani yaron ya zama kyaftin. Ai kafin in rufe baki ya fizge ya ɗaura da kansa, a idon daman kuwa. Ya kalli madubi ya gyara tsayuwa, ya ce daga yau kada in ƙara ce masa Haisam. Ya fita yana taku ɗai-ɗai. Na leƙa na ga Hajiya Yalwa tsaye a bakin zaure da carbi a hannu, ta bi shi da kallo har ya shige ta gabanta.

Murnar wannan ce ta ɗebi Tasi'u. Yana makaranta Rumasa'u ta kira shi ta ce yaro ya yi awa uku da marufi a ido ya ƙi cirewa. Nan take ya danna waya ya yi mini saƙon murya. Sai dai sunana a wayarsa yana maƙwabtaka da guruf ɗin layinmu, mai mutum sittin da wani abu, da liman da mai unguwa a ciki. Ina cikin ɗinki na ji wayoyin masu jiran kaya sun yi ƙara a tare. Wani ya kunna, sai ga muryar abokina tar, cike da farin ciki:

"Rabilu, komai ya kankama! 'Yan fashi sun cika sha biyar, Asabar bayan la'asar za a yi. Takubba suna wurinka, taswira tana hannuna, kowa zai rufe ido. Zinaren yana bayan katangar Alhaji Mamuda, sai mu bari ya tafi masallaci tukuna. Don Allah kada kowa ya ji, musamman Hajiya."

Na ji ƙafata ta sauka daga kan keke da kanta. Masu jiran kaya suka dube ni, na dube su. Wani dattijo da ya kawo gyaran wando ya miƙe a hankali ya ce zai dawo wani lokaci, ya bar wandon. Minti biyu Tasi'u ya goge saƙon, amma magana zarar bunu ce. Alhaji Mamuda ya riga ya saurara sau uku, ya adana, ya tura wa ƙaninsa da surukinsa da mai unguwa daban. Ranar ce ta farko a tarihin layinmu da aka ga farar kujera ba kowa a kai, don ya shige gida ya sa sakata.

Kafin magariba iyaye mata sun fara kiran Rumasa'u. Wannan ta ce ɗanta mura yake yi, waccan ta ce za su je ƙauye ranar Asabar. Tasi'u ya rubuta dogon bayani a guruf, amma wa zai karanta bayani bayan ya ji murya? Washegari Juma'a aka aiko mana cewa mai unguwa yana nemanmu bayan la'asar, mu zo da kayan gaba ɗaya.

Zauren mai unguwa ya cika har waje. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiya aka baje kayan laifi: takubba suna ƙyalli, baƙar tuta, taswira, marufan ido, da akwatin ƙarfe. Ni kaina da na gan su a jere haka sai da na ce lallai Alhaji yana da hujja. Alhaji Mamuda ya sha babbar riga, katinsa na kwamiti rataye a wuya, ya sake kunna saƙon kowa ya ji.

Mai unguwa dattijo ne mai sanyin hali. Ya ɗauki takobi ɗaya ya ƙwanƙwasa a ƙasa, ya ji katako ne. Ya sa aka buɗe akwati, ya ɗauki zinare ɗaya ya juya shi, ya ɓare takardar, ya jefa a baki. Kowa ya zuba wa bakinsa ido.

"Wannan zinaren dai," in ji shi, "ba zai kai gobe ba in aka bar shi a nan." Ya ƙara ɗaukar ɗaya. Aka yi dariya. "To Malam Tasi'u, yi mana bayani."

Da abokina ya yi bayanin idon yaro kawai ya yi shiru, da an tashi lafiya. Amma malami malami ne. Sai ya shiga ba mu labarin inda teku take, da yadda mota za ta wuni ta kwana kafin ta kai mu bakinta, da cewa irin waɗannan 'yan fashi na zamanin jirgin iska ne, sun ƙare tun kafin a haifi kakanninmu. Har ya fara neman biro. Ya ba Alhaji lokacin sake shiri.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji Mamuda, ya miƙe tsaye. "Na yarda takobin katako ne, na yarda zinaren alawa ce. Amma wannan taswirar fa? Ga gidana, ga tagar ɗakina, har inda kwatata ta fashe an sa. Wa ya ba da izini? Sannan a tara 'ya'yan mutane a ɗaura musu baƙin ƙyalle, a ba su makami, a ce musu ku 'yan fashi ne, a tafa musu. A wannan zamanin! Yau na katako ne, gobe fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni shawarata a hana."

Abin haushin, maganar ta shiga wasu. Na ga kawuna biyu uku suna gyaɗawa, har da uban yaron da ya ƙirƙiro waƙar Ido Ɗaya. Mai unguwa ya shafa gemu, shi mutum ne da ba ya son a tashi zama wani yana fushi.

"Malam Tasi'u, ko za a sauya abin? A yi bikin, amma a ce manoma ne, ko likitoci. Ila sai ya mayar da takubban fartanyu."

Tasi'u ya dubi mai unguwa. Da ya yi magana muryarsa ta sauya, duk malantar ta zube.

"Ranka ya daɗe, manomi ba ya rufe ido. Ni ba bikin ne ya dame ni ba. Wata uku ina fama yaron nan ya yarda a rufe masa ido, sai jiya ya yarda, don an ce masa gobe kowa zai rufe. In aka fasa, ƙarya na yi masa ke nan, kuma na san ba zai ƙara sawa ba."

Wallahi sai na ji idona ya kawo ruwa, na shiga gyara hula don kada a gani. Ana cikin haka aka yi sallama daga waje, muryar mace, irin sallamar da ba ta jiran a ce shigo. Mutane suka dare. Hajiya Yalwa ce da sandarta, riƙe da hannun Haisam. Yaro ya sha hular kwali, marufinsa mai zaren gwal yana nan daram a ido. Na ce a raina shi ke nan, an kawo wadda za ta ƙarasa mu.

Ku sani Hajiya ta girmi duk wanda ke zauren, har mai unguwa. A layin aka kawo ta amarya tun Alhaji Mamuda yana yawo ba wando, don haka ita kaɗai ce ke kiran sunansa gatsau ba Alhaji. Aka ba ta kujera ta zauna. Haisam ya je gaban mai unguwa ya ƙame ya sara masa.

Mai unguwa ya ce, "Kai ne shugaban 'yan fashin?"

"Kyaftin ake cewa."

"To Kyaftin, me za ku sata goben?"

"Ba sata za mu yi ba. Abba ne zai binne, mu kuma mu tono." Ya leƙa akwatin, ya dubi takardun gwal biyu da ke gaban mai unguwa. "Wa ya taɓa mana?"

Mai unguwa ya yi tari ya mayar da kallonsa kan Hajiya.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "duk cikinku ba wanda ya kai ni ƙin abin nan. Ni na fara tsine wa shirin, shi ya sa yaron nan ya ce kada in ji, kuma na ji, don ba kurma ba ce ni. Amma wata uku ina kallon mijina yana kuka ana kuka. Tun jiya kuwa da ya ɗaura abin nan, ko wanka sai da aka yi sulhu kafin ya cire. Na ji an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, likita ma haka ya ce, kuma iccen da muke tanƙwarawa ke nan. Wanda ya ga ɗansa zai lalace saboda takobin Ila, to dama can a lalace yake, ya riƙe abinsa a gida."

Kawunan da suka gyaɗa ɗazu suka sunkuya. Uban mai waƙa ya ce shi dama murar ɗansa ta yi sauƙi. Mai unguwa ya gyara zama zai yanke magana, ya ce a dai rabu da katangar Alhaji a binne akwatin a wani wuri, taswirar kuma a ba Alhaji ya ajiye bayan biki tunda gidansa ya fito da kyau.

Amma Alhaji Mamuda ba a banza ya buga kati ba. Duk wannan maganar da ake yi, shi yana tsugune a bakin tabarma yana jera marufan ido ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, ranka ya daɗe! An ce yara sha biyar ne, ko? Takubba sha biyar, na gani. To ga marufi ɗaya a idon yaro, ga sha biyar a tabarma. Sha shida ke nan!" Ya zaro ɗaya ya ɗaga sama yana jan robar. "Kuma ku dubi wannan. Wannan ba kan yaro ba ne, kan babban mutum ne. Ashe akwai babba a cikinsu da ake ɓoyewa!"

Na gane shi nan take, na gwajin nan ne da na jefa gefe, na haɗo shi da sauran cikin sauri.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, a bar maganar nan haka mana."

"Ba zan bari ba, ranka ya daɗe. Ni aikina sa ido, kuma idona biyu a kan layin nan suke dare da rana. Sai an gaya mini na wane ne."

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya ya dube mu. "To ku ba shi amsa. In an ba shi, gobe a yi biki, ni ma zan aiko da jikana."

Na buɗe baki zan yi bayanin roba da gwaji, sai Hajiya ta ɗaga mini sanda. Ta miƙa hannu ta karɓi marufin daga hannun Alhaji, ta kaɗe shi a gefen zaninta, ta ja robar ta ga ƙarfinta, sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

"Naka ne, Mamuda. Likita ya ce idon da aiki ya yi wa yawa shi ake rufewa. Ɗaura, ko sa idon layin nan zai ragu da rabi."